Daminar da Muka Miƙa wa Tanko Fartanya

Bana ruwa ya yi mana adalci. Daga Gaya har Ajingi gyaɗa ta rufe ƙasa, kududdufin bayan majami'armu kuwa ya cika har kukan kwaɗi yana gasa da mai wa'azi. Ranar Lahadin da ta wuce ina zaune a bencin tsofaffi, inda iskar fanka ba ta kaiwa, sai sakataren ikkilisiya ya tashi yin sanarwa. Ya yi ta kwamitin sola, ya yi ta kwamitin tayil, ya yi ta wani kwamitin da zai sa ido a kan kwamitin tayil. Da ya iso kan ajin baftisma sai ya duba agogo, ya ce wannan za a ji bayani nan gaba. Dariya ta kufce mini har jikata ta zungure ni. Ba laifinta ba ne, ko uwarta ba a haifa ba a daminar Tanko.

A wancan lokacin ina da goyon fari, ɗana Istifanus. Unguwarmu 'yan gidaje ne na masu bi a bayan Toranke, maƙwabtanmu Musulmi ne, sai ɗaiɗaikun gidajen Maguzawa da suka rage. Majami'armu ta laka ce da rufin ciyawa, rufin kuma gara ta gama da shi. In hadari ya taso ranar Lahadi, kowa da ƙwaryarsa yake zuwa sujada, ba don baiko ba, don tarar yoyo. Mai bisharar da ke kula da mu, Malam Ishaku, mutum ne siriri mai haƙuri, amma ranar da ruwa ya ɗiga masa a tsakiyar Littafi Mai Tsarki haƙurin ya ƙare. Dattawa suka zauna suka yanke shawara, sai an yi rufin kwano. Tunda ba mu da abin saye, za a noma gyaɗa a gonar ikkilisiya da gayya, a kai kasuwar Gaya da kaka. Aka naɗa marigayi maigidana shugaban gona. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in ka ba su riƙon akuya sai sun kwana a turke.

Bazarar shekarar ta yi zafi. Randa ba ta sanyaya ruwa, kaji suna yawo baki buɗe, mu mata sai mu yi sammakon rijiya mu dawo da rabin tulu mai laka. A cikin wannan zafin Lami ta rasu. Lami ita ce mai kaɗa mana tulu a zumuntar mata, ta daɗe da karɓar bangaskiya. Mijinta Tanko Bamaguje ne, dogo kakkaura, furfura ta gama kansa amma babu saurayin da ke bin sawunsa a gona. Bai taɓa hana ta zuwa sujada ba, bai kuma taɓa bin ta ba. Iyakarsa ya ce, "Je ki, in kin je ki roƙa mana ruwa." A bakin kabarinta muka yi waƙa, Malam Ishaku ya ce Lami ta tafi gidan Ubangiji. Tanko yana tsaye a gefe yana saurare.

Ruwa ya yi jinkiri har wasu suka gaji suka yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa. Da ya tashi sauka, sai ya sauka a safiyar Laraba, ranar da muke nazarin Littafi. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle. Aka buga tsohon ƙarfen motar da muka rataya a jikin darbejiya a matsayin ƙararrawa, amma ba don nazari ba, don shuka. Muna cikin rabon iri a ƙofar majami'a sai ga Tanko cikin rigarsa ta zuwa biki, har da hula. Ya durƙusa ya gai da Malam Ishaku.

"Malam, a kan maganar Lami na zo. Ka ce ta tafi wani gida. Ina so a nuna min hanyar da ta bi."

Malam Ishaku ya ɗaga hannu sama ya ce halleluya, idonsa ya kawo ƙwalla. Har ya juya zai ɗauko tabarma, sai maigidana ya yi gyaran murya.

"Malam, danshin nan fa ba ya jiran kowa." Ya juya wajen Tanko. "Baba, ka zo a kan gaɓa. Riƙe sungumin nan mu gama shuka, sai a zauna a tsanake."

Tanko ya tuɓe rigar bikin ya rataya a reshe. Kafin rana ta take, shi kaɗai ya sare abin da samari suka saba kwana suna kuka a kai. Na ga dattawa suna kallon juna suna murmushi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Da aka tashi kowa ya gaji, aka ce wa Tanko ya dawo Laraba mai zuwa.

Laraba mai zuwa ta zo, ruwa ya ɗauke. Tsiron da ya leƙo ya yi yaushi, iska mai zafi tana kaɗa yashi a kansa. Muka yi ta kallon gabas, hadari ya haɗu ya yi baƙi, ya yi rugugi, sannan ya wuce ya zubar wa mutanen wani gari. Aka yi addu'ar ruwa, ruwa ya dawo, aka sake shuka inda ya mutu. Tanko ya zo da tambayarsa, aka ce bayan noman farko. Aka gama noman farko, aka ce bayan maimai. Kullum da rigar biki yake zuwa, kullum a reshe take ƙarewa. Daga baya ya daina wahalar da kansa, ya riƙa zuwa da 'yar shara.

Gonar nan ta cinye mu ɗanye. Sanarwar gona ta fi wa'azi tsawo, wa'azin ma in an yi, daga ayar mai shuka ya fita shuka sai ayar rago je ka wurin tururuwa. Ajin baftisma ya koma ajin cire ciyawa. Mawaƙa suna koyon waƙa a duƙe. Wata Lahadi aka buga ƙarfe don sujada, sai ga Tanko ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya jingine ta a bakin ƙofa ya zauna a baya. Shi a saninsa, in ƙarfen nan ya yi ƙara, aiki ne. Har labari ya zo mana daga kasuwar Ajingi cewa wani abokinsa ya tambaye shi yaya sabon addini, ya ce, "Ba wuya. Gayya ce dai, illa ba a ba da giya."

Mutane suka yi ta dariya da wannan magana. Ni ma na yi.

Sai yunwar tsakiyar damina ta shigo. Wanda bai taɓa leƙa rumbu ya hango ƙasansa ba, ba zai gane ba. Gero yana gona kore shar, ko kai bai fitar ba, a gida kuwa sai a auna tsaba da tafin hannu. Muka koma tafasa da rama da yaɗiya. A dafa ganye a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli in akwai, in babu a yi da gishiri. Kunun da muke kai wa 'yan gayya ya tsinke har kana ganin fuskarka a ciki. Goyona yana tsotso yana kuka, ni ina jin jiri in na miƙe daga murhu. Maza suna noma suna ɗaure ciki da rawani.

Wata safiya Tanko ya aiko a kira mu, mu matan zumunta. Ya kai mu bayan ɗakin Lami, ya nuna mana rumbunta. Matan Maguzawa da gayaunarsu suke, wato 'yar gonar kansu, da rumbunsu daban. Tun da ta rasu bai buɗe shi ba.

"Ku ɗiba ku yi wa masu aiki kunu mai kauri," ya ce. "Da tana nan, abin da za ta yi ke nan."

Muka ɗiba. Da dawar Lami aka yi maimai, da ita aka yi huɗa. Kunu ya yi kauri, maza suka samu ƙarfin gardama.

Wadda ta fasa ƙwan ba 'yar ikkilisiya ba ce. Inna Hajara ce, maƙwabciyata mai daddawa, matar limamin unguwar da ke kusa da mu. Mun haɗu a bakin hanya muna tsinkar tafasa, ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Maman Istifanus, wai ku waɗanne irin mutane ne?"

"Me muka yi, Inna?"

"Jiya tsohon nan Tanko ya zo zauren Malam, maigidana. Wai ko Malam ya san inda Kiristoci ke zuwa in sun mutu, don shi ya gaji da tambayarku. Malam ya ce masa wannan ba fanninsa ba ne, ya koma wajen masu abin. In kuma namu yake so, ga tabarma nan, yau ma sai a fara." Ta girgiza kai. "Mutum ya zo neman addini kun miƙa masa fartanya! Kun ci ƙarfinsa, kun ci dawar matarsa. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Na tattara tafasata na yi gida, na tarar da maigidana yana wasa fartanya a kan dutse.

"Baban Istifanus, yaushe za a zauna da Baba Tanko?"

"Bayan an cire gyaɗa."

"Bayan cira sai bayan me? Bayan ɓara? Bayan ya bi Lami ba tare da ya san hanyar ba?"

"Ke ba ki san sha'anin ikkilisiya ba," ya ce, ya ci gaba da wasa fartanyarsa.

Abin da ya sa hankalina ya tashi shi ne, baftisma a wurinmu ba kullum ake yi ba. Malam Ishaku ba shi da ikon yi, sai Rabaran, babban fastonmu, ya zo daga Kano, shi kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka. Ba ya kuma tsoma kowa sai ya yi masa tambayoyi ya ji ya san abin da ya gaskata. Ruwan baftismar shi ne kududdufin da muka haƙo ƙasar ginin majami'a a cikinsa. A shekarar ko rabi bai kai ba, ga shi ruwan sama ya ɗauke da wuri, kullum bakinsa ja da baya yake yi. Tanko kuma ya fara wani tari da ba na so. Shi da kansa ya faɗa mini a bakin gona, "'Yar nan, ban san ko zan ga wata daminar ba."

Sai saƙo ya iso cewa Rabaran yana tafe ba da jimawa ba, daidai lokacin da gyaɗa ta isa cira. Dattawa suka ce a fara cira tukuna, don ƙasa tana ƙanƙamewa, in ta bushe 'ya'yan a ciki za su tsaya. Mu kuwa matan zumunta muka taru a gindin darbejiya muka yi tamu shawarar. Washegari maza suka yi ta aiki har hantsi ya dubi ludayi, ba kunu ba dalilinsa. Maigidana ya aiko a tambaya. Muka ce a gaya masa murhu yana jiran a gama cira.

Ba a daɗe ba sai ga dattawa da kansu, leɓe a bushe. Aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe aka raba gardama. Ba za a daina cira ba, amma Malam Ishaku zai riƙa bin Tanko a gona yana koya masa, kunu kuma zai dawo.

Wannan kallo ba zan manta da shi ba. Tanko a gaba yana tumɓuke gyaɗa yana kakkaɓewa, Malam Ishaku a baya da Littafi a hammata, yana haki yana ba da labarin halittar duniya. Kafin ya kai ga Adamu, Tanko ya kai ƙarshen layi ya juyo. A wajen jirgin Nuhu Malam ya yi tuntuɓe da harawa. Zafin kaka yana dukan ƙeya, gumi yana ɗiga a kan takarda. Amma Tanko yana ji, don lokaci zuwa lokaci sai ya jefo tambaya ba tare da ya ɗago ba. Wata tambayar in ta fi ƙarfin numfashin Malam, sai ya ce wani dattijo ya amsa. A nan asiri ya tonu. Maigidana, dattijon ikkilisiya guda, aka ce ya kawo Dokoki Goma, ya kawo 'yan na farko da ƙarfinsa, sannan ya ga wata ciyawa can nesa da take buƙatar cirewa da gaggawa.

Haka aka yi ta yi har aka iso kan gicciye, da ɓarawon nan da aka rataye kusa da Yesu, wanda aka ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Sai Tanko ya tsaya cak, karo na farko tun da aka fara. Ya miƙe da gyaɗa a hannu.

"Malam, ɓarawon nan, gonar wa ya noma?"

"Bai noma ta kowa ba, Baba."

"Ko shuka bai yi ba?"

"Hannunsa a kafe yake da ƙusa, Baba. Gaskatawa kawai ya yi, ya roƙa."

"To ita Lami fa?"

"Ita ma haka. Kyauta ce, ba a biya da aiki."

Tanko ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya dubi tafin hannunsa.

"Wato duk wannan da na yi tun shuka, ba ya ciki?"

Malam Ishaku ya sunkuyar da kai. "Ba ya ciki, Baba. Mu ne muka yi maka ba daidai ba."

Na ɗauka zai yi fushi ya tafi, kuma da ya tafi babu mai ganin laifinsa. Sai ya ajiye gyaɗar a hankali, ya taka zuwa inuwar gawon da ke tsakiyar gona, ya zauna ya miƙe ƙafafu.

"To tunda kyauta ce, bari in zauna in karɓa da kyau. Malam, koma min daga farko. A guje na ji wancan."

Malam Ishaku ya bi shi ya zauna. Samari suka ga Malam ya zauna, suka matso. Mu masu kunu muka sauke ƙwarya a nan. Aka bar maigidana shi kaɗai a tsakiyar rana, yana kallon gyaɗar da ta rage, wadda ta fi wadda aka cire yawa. Na san abin da ke ransa, kwano yake gani yana tashi sama yana barinsa. Ya yi tsaye har na fara jin tausayinsa. Can sai ya yar da fartanya, ya zo ya raɓa a gefen Tanko, ya ce, "Malam, in an zo wajen Dokokin nan a ɗan sassauta."

Kwanakin da suka biyo baya, da safe a ɗan taɓa cira, rana na ɗagawa a koma gindin gawo. Ƙasa kuwa ba ta jira mu ba. Ta ƙanƙame, in ka ja sai harawa ta biyo ka, 'ya'yan su zauna. Abin da muka samu a shekarar bai isa ko rufin zaure ba, kwano sai bayan wasu shekaru muka gan shi. Amma mutanen da suka daɗe ana ce musu nan gaba, da matan aure da samari, duk a gindin gawon nan suka shiga aji tare da Tanko.

Rabaran ya iso a bayan babur daga Gaya, mutum mai jiki, cikin farar riga. Ya yi wa Tanko tambayoyi a cikin majami'a, ya fito yana gyaɗa kai. Da ya ga kududdufin kuwa sai fara'arsa ta ragu. Ruwan iyakarsa gwiwa, shanun Fulani sun dama gefensa, ya yi kore. Ya tambaya ko babu wani. Aka ce sai dai baɗi. Ya naɗe wando ya shiga, laka ta riƙe masa takalmi ɗaya, har yau yana can. Maƙwabta suka jeru a kan tudu suna kallo, Inna Hajara a gaba. Mu mata muna waƙa, wata tana kaɗa tulu.

Saura magana ɗaya. A al'adarmu ta lokacin, wanda aka yi wa baftisma yakan ɗauki sabon suna daga Littafi. Tun kwana biyu kafin nan ake rigima a kan na Tanko, shi ba a ma tambaye shi ba. Maigidana ya dage sai Samson. Malam Ishaku yana son Bitrus. Mu mata muka ce Ayuba, don haƙurin da ya yi da mu. Har a bakin ruwa ana raɗa ana harara.

Tanko ya shiga, ruwan bai kai masa ko gwiwa ba. Rabaran ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce sai dai ya zauna, in ya so a kwantar da shi. Ya zauna a cikin laka, dogayen ƙafafunsa a miƙe, yara a kan tudu suna ƙyalƙyala dariya. Rabaran ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, da wane suna za a yi maka baftisma?"

"Tanko."

"Wannan ai shi ne na da. Ana nufin sabo, na cikin Littafi."

"Samson!" in ji maigidana daga bakin ruwa.

Tanko bai ko waiwaya ba. Ya ɗaga kai ya dubi Rabaran.

"Ranka ya daɗe, tun da aka kawo Lami gidana tana yarinya har ta rufe ido, ba ta taɓa kiran sunana ba. Alkunya irin ta matanmu. Sai dai ta ce kai, ko ta ce maigida. Malam ya gaya min a can inda take babu kuka, babu jin nauyin kowa. To ku bar min sunana yadda ta san shi. Ina so in ji shi a bakinta."

Mai kaɗa tulu ta tsaya. Dariyar kan tudu ta mutu. Na ga Inna Hajara ta ja gefen mayafinta ta kai ido, ni kuwa ban ma tsaya ɓoye nawa hawayen ba. Rabaran ya share fuska da hannun da ke da laka, bai ma sani ba. Sannan ya tallafi ƙeyar tsohon, ya ɗaga murya yadda har na kan tudu za su ji.

"Tanko," ya ce, "ina yi maka baftisma."